Asalin Gwajin Jini Kafin Aure

Da wuya a sami garin da ba a san wahalar ciwon sikila ba, wato amosanin jini. Amma mutum nawa ne suka san yadda aka gano tushensa?

A 1949, Linus Pauling da abokan aikinsa a jami'ar Caltech ta Amurka suka ɗebi sinadarin da ke sa jini ja, suka bi da wutar lantarki ta cikinsa. Sai suka ga tafiyar na mai sikila dabam take da ta na mai lafiya. A 1957 kuma, Vernon Ingram na Jami'ar Kambirij a Ingila ya nuna cewa a cikin sinadarin, wanda kamar sarƙa yake, gaɓa ɗaya tak ce ta sauya.

Wannan gaɓa ce ke sa sinadarin ya manne da juna idan iskar numfashi ta yi ƙaranci a jini. Sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi.

Har yau ana amfani da dabarar lantarkin nan wajen tantance AA, AS da SS. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS. Saboda haka 'yan'uwa matasa, ku yi gwajin tun magana ba ta kai gaban iyaye ba.