Shekara 19 Ana Jira: Gardamar Masoyan Bruce Dickinson Kan Sabon Kundinsa

Ranar 1 ga Maris 2024, Bruce Dickinson, mawaƙin ƙungiyar Iron Maiden ta Ingila, ya fitar da kundin waƙoƙi na ƙashin kansa mai suna The Mandrake Project. Rabonsa da irin wannan aiki tun 2005, shekara 19 ke nan, kuma a lokacin yana da shekara 65 a duniya. Kasuwa ta karɓi kundin hannu bibbiyu, don ya hau na ɗaya a jadawalin ciniki na Jamus, na uku a Birtaniya. Sai dai saye daban, gamsuwa daban. Tun kafin mako ya zagayo masoyansa suka fara cacar baki, wasu na cewa tsohon bai taɓa yin aiki mai zurfin wannan ba, wasu na cewa wannan ne abin da aka sa su jira har furfura ta fito musu?

Kafin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san kiɗan da ake magana a kai. Hebi metal kiɗa ne na jita mai amfani da lantarki, wadda ake ƙure wa sauti har ta yi gurnani, da ganguna masu ƙarfi, da murya mai tashi sama. Galibi ana kai asalinsa birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antun ƙarfe, mahaifar ƙungiyar Black Sabbath, wadda ta fitar da kundinta na farko a 1970. Mai kaɗa jitarsu, Tony Iommi, injin masana'anta ne ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Don ya rage zafin danna tsirkiya, daga baya ya riƙa sassauta ta, sai sautin ya ƙara kauri da nauyi. Iron Maiden ta biyo baya. Steve Harris, mai kaɗa jitar bas, ya kafa ta a gabashin Landan a 1975. Dickinson ya shigo a 1981 daga wata ƙungiya mai suna Samson, kuma kundinsu na farko da shi, The Number of the Beast na 1982, ya hau na ɗaya a Birtaniya. Saboda ƙarfin muryarsa aka yi masa laƙabi da jiniyar gargaɗin harin jiragen yaƙi.

Akwai abu ɗaya da zai iya rikita mai karatu a nan. A wurinmu mawaƙi shi ne uban tafiya, makaɗa da 'yan amshi yaransa ne, abin da ya ce shi ake yi. A Iron Maiden ba haka tsarin yake ba. Linzami yana hannun Harris, mai bas, kuma duk waƙar da ba ta dace da salon gidan ba, da wuya ta shiga kundi, ko da mai riƙe da makirufo ne ya rubuta ta. Shi ya sa mawaƙan irin waɗannan ƙungiyoyi kan fita gefe su yi kundi da sunansu. Nan suke zuba abin da ya taru musu a ciki.

Dickinson ya fara hakan a 1990 da Tattooed Millionaire, sannan a 1993 ya bar ƙungiyar baki ɗaya. Shekarun da suka biyo baya ba su yi masa daɗi sosai ba a kasuwa. Ya fitar da Balls to Picasso a 1994, sai Skunkworks a 1996, wanda ya kauce wa metal sosai har masoya da yawa suka juya masa baya. Sai ya haɗa kai da wani mai jita kuma furodusa ɗan Amurka, Roy Z, da tsohon abokin aikinsa Adrian Smith, suka yi Accident of Birth a 1997 da The Chemical Wedding a 1998. Wannan na ƙarshe, wanda ya ɗebo jigonsa daga ayyukan mawaƙin Ingila kuma mai zane William Blake, shi ne masoya da dama ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa, har akwai masu fifita shi kan abin da Iron Maiden ta fitar a wancan zamani ba tare da shi ba. A riƙe sunan nan, domin shi ne mudun da aka auna sabon kundi da shi. A 1999 Dickinson da Smith suka koma Iron Maiden, kuma bayan Tyranny of Souls na 2005 sai aka ji shiru.

Shirun yana da dalili. Yawon wasanni da Iron Maiden ya cinye shekaru. Mutumin kuma matuƙin jirgin sama ne na gaske, ya yi wa kamfanin Astraeus aikin tuƙa Boeing 757, ya kuma tuƙa jirgin da ke ɗaukar ƙungiyarsu da kayanta zuwa ƙasashe. A ƙarshen 2014 aka gano yana da ciwon daji a bayan harshe, ya sha magani da gashi a 2015 har aka ce ya warke. Bayan haka annobar korona ta zo ta tsayar da kowa.

Ƙorafin da ya fi yawo shi ne na murya. Akwai masu cewa ta yi kaushi, in ya kai sama ana jin yana yunƙuri, ba kamar da ba da take fita kamar an buɗe famfo. Gaskiya ne muryar ta sauya. To amma mutum ne mai shekara 65 wanda aka gasa wa wuya saboda daji, kuma ya shafe fiye da shekara 40 yana kwarara murya a filayen wasa. Wanda ya kunna kundin 2024 yana neman muryar 1982, ya nemi abin da babu mai iya ba shi. A ganina ma tsufan ya ƙara masa wani abu a ƙasa. A waƙar Face in the Mirror, wadda ke magana kan mashayi da yadda mutane ke kallonsa, ya sauke murya yana rerawa a hankali kan jita marar lantarki, kuma kaushin nan da ake kuka da shi ne ya sa maganar ta zauna. Saurayi ɗan shekara 24 ba zai rera ta haka ba.

Ƙorafin da na fi ba wa gaskiya shi ne na haɗa sauti. Masu kunnen wannan sana'a sun yi ta cewa an matse sautin, an ƙure komai wuri ɗaya, har jita da ganguna suna cuɗewa. Ga yadda abin yake: a situdiyo, bayan an naɗi kowane kayan kiɗa daban, sai a zauna a daidaita su, a ƙarshe a ɗaga ƙarfin waƙar gaba ɗaya. In aka matsa wannan mataki na ƙarshe, sashen da ya kamata ya yi sanyi da wanda ya kamata ya fashe sai su zama kusan ɗaya, kunne ya gaji tun ba a kai rabi ba. Matsala ce da ta daɗe a kiɗan zamani, ba a kan Dickinson aka fara ba. Amma wanda ya sa kuɗinsa ya sayi faifai yana da haƙƙin ya yi magana, balle kuma kundin da aka gina shi kan hawa da sauka.

Inda gardamar ta fi armashi shi ne kan waƙar Eternity Has Failed. Tarihinta abin ji ne. Dickinson ya rubuta ta ne tun farko don kundinsa na kansa. Harris ya ji gwajinta, ta burge shi, ya nemi a ba Iron Maiden, sai ta zama waƙar buɗe kundinsu The Book of Souls na 2015 da sunan If Eternity Should Fail. A ƙarshen waccan siga, wata murya mai ban tsoro takan gabatar da kanta da sunan Necropolis, kuma ba abin da ya haɗa sunan da sauran waƙoƙin kundin. Masoya sun yi shekaru suna tambayar wane ne wannan. Ashe Dakta Necropolis ɗaya ne daga cikin taurarin labarin da ya zo tare da kundin The Mandrake Project, tare da Farfesa Lazarus. Wato an ciri shafi ɗaya daga littafi an liƙa a wani, sai bayan shekara 9 aka ga sauran shafukan.

Yanzu ga siga biyu a gaban masu sauraro. Ta Iron Maiden ta haura minti 8, tana da sukuwar nan ta bas da aka san Harris da ita. Ta Dickinson ba ta kai haka tsawo ba, ta fi tafiya a hankali, ta fi duhu, ta buɗe da sauti kamar na sarewa. Waɗanda suka yi shekara 9 suna sauraron ta farko sun ji ta biyu kamar an rage wa miya gishiri, wasu ma suka ce cike gurbi ne kawai, a kundi mai waƙa 10 a kawo wadda aka riga aka sani. Wasu kuma suka ce a'a, yanzu ne aka ji ta yadda mai ita ya nufa. Ni dai ina ganin sabo ne ke magana a bakin rukuni na farko, kuma sabo turken wawa ne. Da ta Dickinson aka fara ji, da yau ta Maiden ake cewa ta cika gaggawa.

Sai waƙoƙin da suka fita daga layi. Resurrection Men tana farawa da jita irin ta finafinan kaboyi, da ƙananan ganguna na hannu, kamar za a ga mahayi ya ɓullo daga ƙura. Ana cikin haka sai ta rikiɗe ta faɗa wani kiɗa mai nauyi, mai jan ƙafa, irin na Black Sabbath. Wasu sun ce waƙa uku ce aka ɗinke da zare marar ƙwari. Ni a nan na fi jin daɗin kundin, don nan ne ake gane amfanin fita gefe. Wannan waƙa ba za ta taɓa shiga kundin Iron Maiden ba, kuma in abin da zai yi a gida shi zai yi a waje, me ya fitar da shi? Haka ma Sonata, waƙar rufewa mai kusan minti 10, wadda ta fi duk sauran daɗewa a ajiye, fiye da shekara 20. Dickinson ya bayyana cewa yawancin muryar da ke cikinta ya rera ta ne a karon farko, yana ƙirƙirar kalmomin nan take. Masu son ta suna cewa ana jin wannan ɗanyen yanayi. Marasa son ta suna cewa ai shi ya sa take ta kewaye ba ta isa ko'ina ba. A nan kam ba zan yi wa kowa alƙalanci ba, sai dai in ce minti 10 yana da yawa ga waƙar da ba ta sauya taki.

Akwai kuma batun littafin zane. Kundin ya zo tare da jerin littattafan labari cikin zane da aka tsara za su kai 12, wanda Tony Lee ya rubuta tare da Dickinson, Staz Johnson ya zana, kamfanin Z2 ya buga. Wasu masoya sun ji daɗi, wasu sun ga hanyar tatsar aljihu ce. Abin da ya kamata a sani shi ne waƙoƙin ba sa bin labarin daki-daki, mutum zai iya sauraron kundin ba tare da ya taɓa ganin littafin ba.

Bari a faɗi wannan a fili. Jigon labarin ya shafi mutuwa, da masu neman tayar da matacce ta hanyar kimiyya da tsafi. Shi kansa mandrake ɗin wani tsiro ne mai saiwa kamar siffar mutum, wanda Turawan zamanin da suka jingina wa camfe-camfe. Irin wannan jigo tsohon abu ne a metal, kuma ya sha jawo musu zargi. A 1982 wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka sun ƙona faifan Iron Maiden suna cewa 'yan shaiɗan ne, alhali Harris ya ce waƙar da ta jawo rigimar daga mummunan mafarki ta samo asali bayan ya kalli wani fim na ban tsoro. Su a wurinsu labari ne kamar na fim. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba, barinsa ba laifi ba ne. Amma cikin masoyan ba a kan wannan ake musu ba.

In aka tattara ƙorafe-ƙorafen, yawancinsu wuri ɗaya suke komawa: bai kai The Chemical Wedding ba. Wataƙila haka ne. Wancan an yi shi a dunƙule, da mutum ɗan shekara 40 wanda ya bar babbar ƙungiya yana neman nuna wa duniya bai mutu ba, ga Adrian Smith a gefensa. Wannan kuwa an tara shi ne a tsinci-tsinci, tsakanin yawon wasa da gadon asibiti da kullen annoba, wata waƙar ta girmi wata da shekara 20. Dole a ji gaɓoɓin. Kuma mai sauraron ma ya sauya. Wanda ya sayi kundin 1998 yana saurayi, yau yana da 'ya'ya a jami'a, kuma rabin abin da yake nema a sabon faifai ƙuruciyarsa ce. Ba Dickinson kaɗai hakan ta samu ba. Lokacin da Ozzy Osbourne ya fitar da Ordinary Man a 2020 da Patient Number 9 a 2022, da kundinsa na 1980 aka riƙa gwada su.

Dickinson ya fita yawon wasanni da sabon kundin a 2024, ya zagaya Mekziko da Burazil da ƙasashen Turai, amma ba tare da Roy Z ba, abin da ya buɗe wani sabon babin ƙorafi ga masu ganin rabin daɗin waƙoƙin daga hannun Roy yake fitowa. A watan Yulin 2025 kuma sai ya koma kan Balls to Picasso na 1994, ya sake masa aiki, ya ƙara wa jita nauyi, ya fitar da shi da sunan More Balls to Picasso. Nan ma aka rabu: masu cewa sai yanzu kundin ya yi ƙarfin da ya kamata, da masu cewa abin da aka yi a 1994 a bar shi yadda yake.