Yardar Iyaye da Saɓanin Sababbin Ma'aurata a Kontagora

Duk wanda ya saba zama a zaurukan malaman Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864, ko ya saurari ƙararrakin aure a gaban alƙalai tun da Jihar Neja ta faɗaɗa aiki da shari'a a 2000, zai lura cewa husuma mai yawa tsakanin ango da amarya a shekararsu ta farko tana da asali tun ranar neman aure, lokacin da iyaye suka yarda da baki alhali zuciya ba ta natsu ba.

A da uba ne ke zaɓa, har ma mazhabar Malikiyya ta ba shi haƙƙin ijbari a kan budurwarsa, saboda haka kare auren ya zame masa wajibi, domin mutuncinsa na ciki. Yanzu kuwa saurayi kan haɗu da yarinya a makaranta, ko ta waya, su gama shawara, sannan a kawo wa magabata magana dafaffiya. Su kuma, don gudun fitina, su karɓi sadaki, su zuba ido. Daga nan in amarya ta makara wajen gaida surukarta da safe, ko aka raina gara da kayan ɗaki, sai a ce wa ango, "Ai dama mun faɗa maka." Shi kuwa, da yake tsakanin biyayyar iyaye da kyautata wa iyali, sai ya zaɓi shiru, ita kuma ta fassara shirun da ƙiyayya.

Waya ta ƙara tsananta lamarin ƙwarai. Mai yaji a da sai ta taka zuwa gidansu, fushi ya huce a hanya, sau da yawa uba ya mayar da ita kafin biko. Yau hawaye bai bushe ba uwa ta ji labari, dangi sun rabu gida biyu, ƙaramin saɓani ya doshi saki ko khul'i.

Ba a musun amfanin dangi, domin Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 35, ya yi umarni da naɗa masu sulhu daga ɓangarorin biyu. Amma sharaɗin shi ne nufin gyara. Ya kamata waliyyai su bayyana ƙinsu kafin a ɗaura, in kuwa sun yarda, su riƙe auren da amana.