Burtali da Ganuwa: Yadda Saƙon Kwamfuta Ke Zaɓar Hanya

A arewacin Jihar Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, Bichi da Ɗambatta, gona na manne da gona, don haka dabbobi da masu jakuna sukan bi burtali ne kada su ratsa shuka. Idan damina ta yi nisa, rafi ya cika ya tare wani burtalin, makiyayi kan ji labari daga wanda ya riga shi, sai ya canja hanya. Irin wannan matsala ce ke fuskantar saƙon da ɗan kasuwar ƙauye ke aikawa banki ta wayar hannu, kuma mafitar da masana suka samo ta yi kama da ta makiyayin.

Kwamfuta takan yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin inda za shi. A kowace mararraba akwai na'urar da ake kira rauta, wadda ke duba adireshin a jadawalin hanyoyinta, sannan ta miƙa ƙunshin ga ta gaba. Ana iya rubuta jadawalin da hannu, wato tsayayyar hanya. Illarta ita ce, idan masu aikin titi suka tsinke igiyar sadarwa a can gaba, rauta za ta ci gaba da tura saƙo ta matacciyar hanya har sai ma'aikaci ya zo ya gyara.

Maganin haka shi ne a bar rautoci su riƙa ba juna labari. A cikin ma'aikata guda akan yi amfani da ƙa'idar OSPF, wadda ta fito a 1989. Bisa al'ada, kowace rauta na gaida maƙwabciyarta duk daƙiƙa 10. In an yi daƙiƙa 40 ba a ji gaisuwa ba, sai a ɗauka hanyar ta mutu, a sanar da kowa, kowace rauta ta sake lissafin hanya mafi sauƙi da dabarar da Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya wallafa a 1959. Tururuwa ma na yin makamancin haka da sinadarin da take shafawa a ƙasa, inda gajeriyar hanya kan fi tara ƙamshi. Bambancin shi ne tururuwa ba ta da taswira, rauta kuwa tana riƙe da taswirar yankinta baki ɗaya.

Tsakanin kamfanoni da ƙasashe kuwa, ƙa'idar BGP ke aiki. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna da dama a Nijeriya sun shiga wahala, amma kamfanonin da ke da wata igiyar sun karkatar da saƙonninsu ta can.

To, ina ganuwar tsaro ta shigo? Wannan na'ura ce da ake girkawa tsakanin kwamfutocin ma'aikata da duniyar intanet. Aikinta irin na sarkin ƙofa ne a tsohuwar ganuwar Kano: tana tantance mai shiga da mai fita bisa dokokin da aka rubuta mata. Tun da duk saƙo ta kanta yake bi, dole ita ma ta san lokacin da hanya ta canja.

Mai saita ta kan fara da ba ta lambar shaida, ya sa ta a yanki ɗaya da rautocin da za ta yi magana da su. Babban yanki shi ne mai lamba 0. Daga nan ya yanka wa kowace hanya farashi, ƙarami ga igiyar gilashi, babba ga hanyar rediyo, domin ta biyun ta zama ta ko-ta-kwana. Sai ya hana gaisuwar OSPF fita ta ƙofar waje, ya sa kalmar sirri tsakanin maƙwabta, ya kuma rubuta jerin hanyoyin da aka yarda a karɓa. Abu na ƙarshe, ya tabbatar amsa na dawowa ta ƙofar da tambaya ta fita, domin ganuwa na rubuta duk saƙon da ya fita, kuma takan jefar da amsar da ba ta san asalinta ba.

Tace hanyoyi na da muhimmanci ƙwarai, saboda rauta kan gaskata abin da maƙwabciya ta faɗa mata. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa saƙonnin da ke neman Google suka bi ta Rasha da Sin har fiye da awa guda. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne, ya kuma gyara.

Malamai na iya gwada wannan darasi a aji ba tare da kwamfuta ba. A zana ƙauyuka shida a allo, a rubuta tsawon kowane burtali, ɗalibai su nemo hanya mafi gajarta. Sannan a goge burtali ɗaya, su sake lissafi. Aikin da rauta ke yi ke nan cikin ƙiftawar ido.