Ciyayya: Al'adar da tsadar abinci ke neman kashewa

Bayan sallar isha'i a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya, magidanta kan hallara a zaure, kowa da akushinsa. Mai miyar kuka ya ɗanɗani taushen maƙwabci, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ƙoshi cikin rufin asiri. Wannan ita ce ciyayya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin masara da shinkafa ya yi tashin gwauron zabi, akusa suka ragu a zaure. Amma yanzu aka fi buƙatarta: gida uku su riƙa girki karɓa-karɓa, kamar adashi, ya fi sauƙin itace da gas a kan hura murhu uku.

Idan ciyayya ta mutu, asirin talaka ne zai fara tonuwa.