Fari Da Zafi Da Ambaliya: Hasara Uku Daga Tushe Ɗaya A Ƙasar Keffi

KEFFI — Duk ɗan kasuwar da ke sayen ridi, doya ko agushi a ƙasar Keffi ya san cewa farashin kaka tun a bazara ake yanke shi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ita kanta ƙasar da ake takawa tana da hannu wajen tsananin zafi da yadda ruwan sama ke sauka.

Bayanin masana kimiyya shi ne, muddin ƙasa na da danshi, akasarin ƙarfin rana yakan ƙare ne wajen mayar da ruwa tururi, ta jikin ƙasa da ganyayen itatuwa, abin da ke sanyaya iska. Da zarar ƙasa ta bushe, sai wannan ƙarfi ya koma ga dumama iska. Iska mai zafi kuwa tana ƙara zuƙe sauran danshin, ta haka fari ke haifar da zafi, zafi kuma ya tsananta fari. Wanda ya yi shuka da ruwan farko na watan Afrilu, sannan sama ta ɗauke na mako biyu ko uku, shi ya fi kowa sanin haka, domin sai ya sake sayen iri.

Tun a 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya danganta farin yankin Sahel da ƙarewar ciyayi. Daga bisani an gano cewa ɗumin tekuna ya fi tasiri, amma ba a wanke ƙasa daga laifi ba. A 2017 wani bincike da Christopher Taylor na Ingila ya jagoranta ya nuna cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Keffi na kudu da Sahel, amma darasin ya shafe ta: ƙasar da ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa da sauri, sai ya kwarara.

A unguwanni irin su Yara da ke cikin gari, lamarin ya ɗauki wani salo. Kusancin Abuja ya jawo gine-gine, kwano da siminti sun maye gurbin fili da bishiya; suna riƙe zafi har dare, ruwan sama kuma ya zarce rafin Antau kai tsaye. A karkara kuwa, buhunan gawayi da ake jerawa a bakin hanya ribar yau ce, amma inuwar gona ake sayarwa.

Ga mai jari, haɗarin shi ne hasarar ba ta zuwa ɗaya-ɗaya. A damina guda zafi na iya ƙona shukar farko, ambaliya ta kwashe ta biyu, kamar yadda ruwan 2012 da na 2022 suka yi ɓarna a garuruwan Jihar Nasarawa da ke gaɓar kogin Binuwai. Manomin da aka ba bashin taki ba zai iya biya ba, kayan da ke sito kuma danshi ya lalata.

Saboda haka ya kamata mai ba da bashi ya duba hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara kafin ya saki kuɗi, ya kuma tambayi hukumar inshorar aikin gona ta NAIC ko yarjejeniyarta ta haɗa fari da ambaliya a gona ɗaya.