Maɓallan Sauraro na Teburin Sauti a Gidan Rediyo: Bayani ga Malamai da Masu Tsara Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausa ta daɗe tana aiki a rediyo. An buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma ya fara aiki a 1962. Duk da haka, sunayen na'urorin ɗakin watsa shirye-shirye yawanci na Ingilishi ne, malamin da zai koyar da su kuwa sai ya koma aro. Manufar wannan muƙala ita ce bayyana aikin maɓallan sauraro na teburin sarrafa sauti, wanda ma'aikata ke kira konsol ko mikisa, domin a gina keɓaɓɓun kalmomi bisa aikin kowane maɓalli. An yi la'akari da bukatar ɗaliban kwalejoji irin su Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya da ke Zuba, wadda aka kafa a 1996.

2.0 Hanyoyi Biyu na Sauti

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, hanyar sauti biyu ce a teburin. Ta farko ita ce wadda ke kai shiri ga masu sauraro, feda ce ke sarrafa ta, wato ɗan abin da ake turawa sama ko a jawo ƙasa. Ta biyu ita ce wadda ke kawo sauti kunnen ma'aikaci ta lasifika ko hedifon. Maɓallan sauraro na hanya ta biyu ne kawai. Saboda haka idan ma'aikaci ya ƙure ƙarar lasifikar ɗakinsa, bai ƙara wa direban da ke sauraro a tashar motar Zuba komai ba. Hasali ma ƙarar kan yaudare shi ya zaci shirin na fita da ƙarfi, alhali a raunane yake fita.

3.0 Maɓallan da Aikinsu

Na ɗaya, maɓallin zaɓi. Da shi ma'aikaci ke zaɓar abin da zai ji: ko abin da ke fita daga teburin, ko abin da akwatin rediyo ya kamo daga tashar. Sauraron na biyun ne ke sanar da shi idan na'urar watsawa ta tsaya.

Na biyu, maɓallin da aka rubuta wa PFL. Yana ba da damar jin waƙa ko muryar baƙo tun kafin a ɗaga feda, ba tare da jama'a sun ji ba. Ana iya kiran sa maɓallin ɗanɗano, domin aikinsa ya yi kama da na mai girki da ke ɗanɗana miya kafin ta zuba.

Na uku, makashin lasifika. Da zarar an buɗe makirufo, lasifikar ɗakin kan mutu da kanta, jar fitila kuma ta kama a bakin ƙofa. In ba haka ba, makirufo zai sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar, sautin ya yi ta kewayawa har ya zama kuwwa mai huda kunne.

Na huɗu, layin da furodusa ke yi wa mai gabatarwa magana a hedifon ba tare da ta fita waje ba. Layin raɗa zai dace da shi.

Na biyar, mizanin sauti. Kunne na gajiya, shi ya sa ake dogara da allura ko fitilun mizani. Mizanin VU, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1939, yana nuna matsakaicin ƙarfin sauti. Na PPM da BBC ke amfani da shi kuwa ƙololuwar sauti yake nunawa, a ma'auni daga 1 zuwa 7, ba a so allura ta wuce 6.

4.0 Shawarwari

Ya kamata a sanya waɗannan kalmomi a darussan fassara da na Hausa a kafofin watsa labarai. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin ma'aikata, kamar feda da makirufo, a hausantar da rubutunta a bar ta. Inda haruffa ne zalla, kamar PFL, a ƙirƙiri suna mai bayyana aiki. Haka kuma, tun da Zuba ba ta da nisa da tashoshi irin su Aso Radio da Kapital FM, ana iya shirya wa ɗalibai ziyarar gani da ido, su gwada kalmomin a gaban masu aikin.

5.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa maɓallan sauraro suna sarrafa abin da ma'aikaci ke ji ne, ba abin da jama'a ke ji ba. Duk kalmar da za ta shiga manhaja, wajibi ne ta kiyaye wannan bambanci, domin wadda ta gauraya hanyoyin biyu za ta koya wa ɗalibi kuskuren da masu sauraro ne za su ɗanɗani kuɗarsa.