Tsohon benen alfarma a Legas: Abin da za ki duba kafin ku tare

Uwargida, idan maigida ya zo miki da albishir cewa ya samo muku gida a ɗaya daga cikin tsofaffin benayen Ikoyi ko Victoria Island, ki yi murna, domin gidaje ne da aka gina da wadata. Ɗakuna manya, tagogi masu faɗi, ga baranda mai shan iskar teku. Rukunin gidaje na 1004, wanda aka buɗe a 1979, na daga cikin waɗanda suka fi suna. 'Yan majalisa da manyan ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fara zama a ciki, kafin fadar gwamnati ta koma Abuja a 1991, daga baya kuma aka sayar wa 'yan kasuwa.

Sai dai duk ginin da ya haura shekara 40, lafiyarsa ba a falo ake ganinta ba. Sabon fenti yana rufe abubuwa da yawa.

Fara da ruwa. Yawancin benaye suna tara ruwa a tankin ƙasa, sannan a tura shi tankin sama. Ki tambayi mai kula da ginin yaushe aka wanke tankunan, kuma an canza tsofaffin bututun ƙarfe ko ba a canza ba. Ki tari ruwan farko da safe a farin kofi. Idan ya yi ja-ja, tsatsa ce. Ko da ya fito garau, a tafasa ko a tace na sha, musamman wanda za a haɗa wa jariri madara, domin ƙwayoyin taifot da na gudawa ido ba ya ganinsu.

Na biyu, danshi. Legas gari ne mai laima, kuma bangon da ke tsotsar ruwa yana haifar da fumfuna. Ki buɗe durowar bango ki shinshina, ki duba bayan labule da ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Baƙin tabo da warin ruma suna tayar da asma da tarin dare ga yara. Haka ma ragar na'urar sanyaya ɗaki da aka daɗe ba a wanke ba.

Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Yaro mai rarrafe yakan kai ɓawon fenti baki. In za a kankare bango, a fitar da yara da mai juna biyu har sai an goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Ki auna tazarar ƙarafan baranda ma: in ta wuce santimita 10, a sa raga.

Sai batun wuta. Ki tambayi awa nawa janaretan ginin yake aiki, domin shi ke riƙe da na'urar hawa bene da firji. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ko hawan jini a hawa na tara, ranar da na'urar ta tsaya, ta zama fursuna. Insulin da ba a fara amfani da shi ba yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, yawancin sauran magunguna kuma kada zafi ya wuce digiri 30. Kada a aje su a banɗaki ko kicin. Ƙaramin janareta kuwa kada a kuskura a kunna shi a baranda ko lungun bene. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari.

Unguwar tana da daɗinta. Obalende na kusa, inda za ki samu 'yan uwa Hausawa, tsire da kayan miya cikin rahusa. Amma tsibirin kwari ne, ruwan sama mai ƙarfi yakan shafe tituna kamar yadda aka gani a Yulin 2017, kuma ruwan da ya kwanta sauro yake haifarwa, ko kina hawan sama ki rataya gidan sauro. Gosulon titin Ozumba Mbadiwe kan mayar da tafiyar minti goma ta awa guda, don haka tun makon farko ki san asibiti da kantin magani mafi kusa da ke aiki dare da rana.

Kafin a biya kuɗin haya, ki roƙi maigida ku koma ganin gidan ranar da aka yi ruwa, ku kuma zanta da maƙwabcin da ya daɗe a ginin. Abin da dillali ya ɓoye, shi zai faɗa muku.